Ƙaramar manhajar lissafin sito: sai da firemwok, ko PHP zalla ya isa?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum, masana. Ina neman shawara a kan wani aiki. Wani dillalin albasa da busasshen barkono a kasuwar Mile 12 yana son a yi masa ƙaramar manhaja ta intanet. Abin da za ta yi bai wuce wannan ba: idan mota ta sauke kaya daga Arewa a rubuta buhu nawa suka shiga sito, idan an sayar a rage, wanda ya ɗauka bashi a rubuta sunansa da abin da ya biya da abin da ya saura. Yaran shago uku ne za su riƙa shigar da bayani ta wayoyinsu, shi kuma Alhaji ya duba jimilla da dare. Shafuka ba za su wuce shida ba. Hostin ɗin ma, wato wurin da ake haya don ajiye manhaja a intanet, irin mai arahan nan ne da ake sarrafawa ta shafin cPanel.

Shin ya kamata a ɗauko firemwok, wato shiryayyen tsarin da ake gina manhaja a kansa, irin su Laravel na yaren PHP ko Django na yaren Python, a kan abu kamar wannan, ko kuwa a rubuta da PHP zalla a wuce wurin? Laravel kafin ka rubuta layi ɗaya ya zubo maka dubban fayiloli, sai nake ganin kamar hayar tirela ce don kai buhu biyu. Amma kuma ana ta cewa wanda bai yi amfani da firemwok ba zai yi da na sani. Ina gaskiyar take?

Injiniya Sani, Ikeja:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ma'aunin da ka ɗauka shi ne matsalar. Ba da yawan shafuka ake gane ƙaramar manhaja ba. Shafin tallar makaranta mai shafuka 40 wanda ba kowa ke shiga da kalmar sirri ba ƙarami ne, HTML kawai ya ishe shi. Naka mai shafuka shida yana da mutane huɗu masu matsayi iri biyu, yana da kuɗi, yana da bashin jama'a. Wannan ba ƙarami ba ne ta fuskar haɗari.

Bari in faɗa maka abin da za ka rubuta da hannunka idan ka zaɓi PHP zalla, sai ka auna da kanka.

Shiga da fita tukuna. Kalmar sirri ba a ajiye ta yadda take, kuma ba da md5 ba. Akwai password_hash da password_verify a cikin PHP tun sigar 5.5, su za ka yi amfani da su. Da zarar mutum ya shiga sai ka kira session_regenerate_id, in ba haka ba wanda ya riga ya san lambar zaman, wato lambar da manhaja ke gane mai amfani da ita, kafin shiga zai iya hawa kanta bayan an shiga. Kukin zaman a sa masa HttpOnly da Secure da SameSite. Sannan dole ka iyakance yawan gwajin kalmar sirri, domin yaron shago zai sa 1234 ko lambar wayarsa, kuma manhajar da ba ta ƙirga kuskure za a yi ta gwada ta har a dace.

Sai tambayar rumbun bayanai. Duk inda ka haɗa abin da mutum ya rubuta a fom kai tsaye cikin jimlar SQL, yaren da ake yi wa rumbu tambaya da shi, ka buɗe ƙofa. Sunan kwastoma mai ɗauke da alamar ɗauri irin ta Sa'adu ko Mu'azu kaɗai ya isa ya karya tambayar, wanda ya san abin da yake yi kuma da wannan alamar zai karanta teburin gaba ɗaya. Maganin shi ne PDO, hanyar PHP ta magana da rumbu, da prepare da execute, a kowace tambaya, ba a mafi yawansu ba. Haka duk abin da za ka nuna a shafi sai ya bi ta htmlspecialchars. Haka kowane fom sai ya ɗauki ɓoyayyar lambar da saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, za ta tantance, don kada wani shafi na daban ya aika umarnin goge bashi da sunan Alhaji alhali yana ciki.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mai koyo. Inda ake faɗuwa shi ne mantuwa. Ka yi daidai a wuri 29, ka manta a na 30, kuma na 30 ɗin ya isa. Amfanin firemwok shi ne ya juya lamarin: a Django da Laravel, abin da ka nuna a shafi an riga an tsaftace shi sai idan kai ka ce a bari, fom ɗin da ba shi da lambar tantancewa ana mayar da shi da kuskure 403 a Django ko 419 a Laravel, tambayar da ta bi ta ORM, sashen firemwok da ke rubuta maka SQL, ba ta haɗa rubutun mutum da umarni. Mantuwarka sai ta zama shafi ya ƙi aiki a gabanka, maimakon ya yi aiki lafiya lau da rami a ƙarƙashinsa.

Game da dubban fayilolin nan, kada su dame ka. Suna zaune ne a foldar vendor, ba kai za ka karanta su ba, kuma ba a aika su wayar yaron shago. Abin da ke zuwa wayarsa shi ne HTML ɗin da aka haɗa, girmansa ɗaya ko da me aka haɗa shi.

Ni a aikin nan firemwok zan ce.

Malam Habu, Idi-Araba:

Injiniya ya faɗi gaskiya a kan tsaro, amma bai taɓo inda ɗan'uwanmu ya ce hostin na cPanel ne mai araha ba, kuma a nan ne ake shan wahalar.

Laravel an gina shi ne a kan cewa foldar public kaɗai duniya za ta gani. A irin wannan hostin, abin da duniya ke gani shi ne public_html. Mai gaggawa sai ya zuba aikin gaba ɗaya cikin public_html, sai fayil ɗin .env, wanda ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai da APP_KEY, ya zama kowa na iya buɗe shi ta burauza idan saba ba ta toshe shi ba. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai neman wannan fayil a shafukan mutane. Hanyar da ta dace ita ce a ajiye aikin a wata folda sama da public_html, a mayar da tushen shafin zuwa public idan kamfanin ya yarda, ko a kwashe abin da ke cikin public zuwa public_html a gyara hanyoyin da ke index.php. Kuma APP_DEBUG ya zama false, domin idan an bar shi true shafin kuskure yana tona asirin cikin manhajar ga duk wanda ya ci karo da shi.

Bayan wannan akwai sigar PHP. Laravel 11 ba ya tashi ƙasa da PHP 8.2. A duba wannan a cPanel kafin a rubuta komai. A duba kuma ko an ba da SSH, hanyar buga wa saba umarni daga nesa, domin babu shi ba za ka iya buga php artisan migrate a saba ba, composer ma sai dai ka gudanar da shi a kwamfutarka ka loda vendor ɗin a matse sannan ka warware a can. Foldar storage da bootstrap/cache in ba su da izinin rubutu, farin shafi za ka gani ko kuskure 500 ba bayani. Django a irin wannan wuri ya fi haka wuya, sai kamfanin yana da wurin kafa manhajar Python ta Passenger, kuma ba duka ke da shi ba.

Abu na biyu shi ne tsufa. Laravel na fitar da babbar siga kowace shekara, kuma gyaran tsaro na kowace siga shekara 2 ne. Django na da siga mai dogon zango, kamar 4.2 ta Afrilun 2023 da 5.2 ta Afrilun 2025, kowacce ana kula da ita shekara 3. To, wa zai sabunta wa Alhaji manhajarsa bayan shekara 3? Ya biya sau ɗaya, a ganinsa an gama, kamar yadda ake sayen sikeli. Firemwok ɗin da aka daina yi wa gyara bashi ne da ke jiran ranar biya. PHP zalla da aka rubuta da PDO yakan daɗe bai buƙaci taɓawa ba. Ban ce ba ya tsufa ba, waɗanda suka yi amfani da mysql_query sun gani lokacin da PHP 7 ya cire shi a 2015, amma abin da zai karye ya fi kaɗan.

Saboda haka akwai hanya ta tsakiya. Fayil ɗaya na shiga da ke rarraba buƙatu, PDO, Twig don shafuka tunda shi ma yana tsaftace abin da ake nunawa da kansa, da aiki guda na tantance fom wanda kowace buƙatar POST sai ta bi ta cikinsa. Ko a ɗauki ƙaramin firemwok, Slim a PHP, ko Flask a Python. Na san za a ce wannan ai ƙera firemwok ne da hannu. E, haka ne, amma ƙarami ne wanda mutum ɗaya zai karanta ya gama a zama guda.

Injiniya Sani, Ikeja:

Malam Habu, mutum ɗayan nan shi ne damuwata. Wanda ya ƙera shi zai karanta a zama guda. Ranar da ya koma Kano ko ya samu aiki a Yaba ya daina ɗaga waya, wanda Alhaji zai kira ya tarar da tsarin da ba a rubuta bayaninsa a ko'ina ba. Idan Laravel ne, duk wanda ya san Laravel a Legas ya san hanyoyin shafi suna routes/web.php, sauye-sauyen tebur suna database/migrations. Wannan na sauye-sauyen tebur ma kada a raina shi. Wata uku da fara aiki Alhaji zai ce a ƙara wurin rubuta kuɗin dako da na 'yan sauke kaya. Mai PHP zalla yakan shiga phpMyAdmin ya ƙara ginshiƙi da hannu a saba, ya manta bai ƙara a kwamfutarsa ba, daga nan rumbunan biyu sun rabu, ba kuma wanda ya san wanne ne daidai.

Maganar sabuntawa kuwa na karɓa. Amma maganinta a yarjejeniya yake: a gaya wa mai aiki tun farko akwai kuɗin kulawa na shekara, tare da na hostin da na sunan shafi.

Hajiya Binta, Yaba:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗan Agege, abin da zai fi ba ka ciwon kai a aikin nan ba ya cikin abin da ake gardama a kai, kuma babu firemwok ɗin da zai yi maka shi.

Fara da kuɗi. Kada ka ajiye naira a ginshiƙin FLOAT. Kwamfuta na lissafi da tushe biyu, shi ya sa 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif, kuma wannan ɗan bambancin yana taruwa har jimillar wata ta ƙi daidaita da littafi. Ka ajiye da DECIMAL, ko ka ajiye kobo a matsayin cikakkiyar lamba. Idan kobo ka zaɓa, ka kula: INT na MySQL yana tsayawa a 2,147,483,647, wato naira miliyan 21 da 'yan kai idan kobo ne. Dillalin da ke sauke mota guda ta kaya zai iya wuce wannan a lissafi ɗaya. BIGINT za ka sa.

Kada kuma ka yi ginshiƙi ɗaya mai suna saura wanda ake gogewa ana sake rubutawa. Ka yi tebur na shige da fice: kowane layi ya nuna wa ya ɗauka ko ya biya, nawa, yaushe, wane yaro ya shigar. Saura kuma a lissafo shi daga layukan. Kuskure ba a goge shi, ana shigar da layin da ke warware shi. Ranar da kwastoma ya ce ya biya dubu 200 yaro ya ce bai biya ba, wannan teburin ne zai raba gardama, kuma dalilin da ya sa Alhaji ke son manhajar ke nan tun asali.

Sai netwok. A cikin kasuwa da rana, yaro zai danna Ajiye, shafi ya tsaya yana juyawa, ya sake dannawa. Buƙatar farko ta riga ta isa, amsa ce ba ta dawo ba, sai ciniki ɗaya ya shiga sau biyu. Kashe maɓallin bayan dannawa yana ragewa amma bai isa ba. Ka sa wa kowane fom lamba ta musamman lokacin da aka buɗe shi, ka ajiye ta tare da cinikin a ginshiƙi mai UNIQUE, ta yadda rumbun da kansa zai ƙi na biyun. Bayan an ajiye kuma a tura mutum zuwa wani shafi, don sake loda shafi kada ya sake aikawa.

Makamancin wannan shi ne yara biyu su sayar da buhu 10 na ƙarshe a lokaci guda. Kowanne ya karanta saura 10, kowanne ya rage, sito ya koma ƙasa da sifili. Rage kaya da rubuta ciniki su kasance cikin tiransakshan guda, wato ko su yiwu tare ko su fasa tare, a kulle layin da SELECT ... FOR UPDATE, ko a rubuta UPDATE ɗin da sharaɗin cewa saura ya kai adadin sannan a duba ko layi ya canza. Teburin ya zama InnoDB, domin MyISAM ba ya yin tiransakshan. Firemwok zai ba ka DB::transaction ko transaction.atomic, amma ba zai gaya maka inda za ka sa su ba.

Haka izini. Cewa mutum ya shiga ba ya nufin komai nasa ne. Idan adireshin shafi ya ƙare da lamba 14, yaro zai mayar da ita 15 ya gani. Duk shafin da Alhaji kaɗai ya kamata ya gani, a bincika matsayin mai buƙata a saba, ɓoye maɓalli ba tsaro ba ne.

Akwai kuma namu na Hausa. Idan rumbun ko haɗin PDO yana kan latin1, sunan Ɗanladi ko Ƙasimu zai dawo da alamar tambaya. Ka sa utf8mb4 a rumbun, a teburan, da cikin layin haɗi. A PHP, strlen bayit yake ƙirgawa, kuma strtoupper ba ya mayar da ƙ zuwa Ƙ, sai mb_strlen da mb_strtoupper. Yaro ɗaya zai rubuta Ɗanladi, wani ya nemi Danladi bai samu ba, ya buɗe sabon suna, bashin mutum ɗaya ya rabu gida biyu. Ka ajiye wani ginshiƙi na bincike da aka cire wa lanƙwasa, ka kuma sa lambar waya ta zama abin da ke bambanta kwastoma. Agogo ma a sa Africa/Lagos wajen nunawa, domin Laravel da UTC yake zuwa, muna gaba da shi da awa 1, sai cinikin da aka shigar ƙarfe 12 da rabi na dare ya faɗa lissafin jiya.

Abin da zan hana ka kai tsaye shi ne React ko makamancinsa, masu haɗa shafi a cikin wayar mai amfani maimakon a saba. Shi kaɗai ya haura kilobayit 40 a matse kafin naka kod ɗin, ƙaramar waya sai ta sauke ta kuma gudanar kafin a ga komai, sannan ka ninka aikinka biyu da API da tantance shiga. Fom shida ba sa buƙatar haka. Saba ta haɗa HTML ta aiko.

A kan ainihin tambayarka, ina tare da Injiniya, da sharaɗin Malam Habu: duba hostin tukuna. In yana da PHP 8.2 ko sama da SSH, Laravel. In za a iya ɗaukar ƙaramar VPS, wato sabar haya da kai ke sarrafa ta gaba ɗaya, Django na da wata riba, shafin gudanarwarsa na ba ka wurin duba tebura da gyara su da layuka kaɗan.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Na duba, akwai PHP 8.2 da SSH. Saura abu ɗaya, Hajiya: ana so nan gaba masu bashi su riƙa biya ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet. Wannan zai canza zaɓin?

Hajiya Binta, Yaba:

Ba zai canza ba, sai dai ya ƙara wa ɓangaren firemwok nauyi kaɗan. Paystack da kobo yake karɓar adadi, naira 5,000 za ka aika 500000, ka ga amfanin ajiye kobo tun farko. Kada ka rage wa mutum bashi don burauzarsa ta dawo shafin da ke cewa an biya, kowa na iya buɗe wannan adireshin. Saba ce za ta tabbatar, ko ta kira transaction/verify da lambar cinikin, ko ta jira saƙon charge.success da Paystack ke turowa, kuma a duka biyun a gwada adadin da aka biya da wanda ake tsammani.

Saƙon na zuwa da x-paystack-signature a kansa. Za ka lissafa HMAC SHA512 na gangar saƙon da makullinka na sirri ka gwada su da hash_equals. Gangar yadda ta iso za ka ɗauka, kafin a warware JSON, domin in ka warware ka sake haɗawa tsarin rubutun na iya canzawa sa hannun ya ƙi dacewa. Wannan adireshin kaɗai za ka cire daga tantance fom na Laravel, in ba haka ba kowane saƙo 419 zai samu. Ka amsa da 200 da wuri, domin in ba su ga haka ba za su sake turowa, don haka lambar cinikin ma ta zama UNIQUE kada a rage bashi sau biyu.

Malam Habu, Idi-Araba:

Tunda akwai SSH, na janye rabin ƙorafina. Kafin ka miƙa aikin, ka sa cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, ya riƙa ɗaukar kwafin rumbun da mysqldump kowane dare, kwafin kuma ya fita daga wannan sabar zuwa wani wuri, domin ajiyar da ke zaune tare da rumbun tare suke tafiya ranar da asusun hostin ya ƙare ba a biya ba. Ka ɗauki kwafi ɗaya ka mayar da shi cikin rumbu na gwaji ka ga ya buɗe. Sunan shafin da asusun hostin a yi rajistarsu da imel ɗin Alhaji, ba naka ba. Kuma tunda sunaye da lambobin wayar mutane za a ajiye, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ku, don haka yaran shago su ga abin da aikinsu ke buƙata kawai, asusun wanda ya bar aiki kuma a rufe shi a ranar.